Wa Zai Gaji Kujerar Sanata?

Ranar 6 ga Disamba, 1920, Majalisar Dattawan Amurka ta dawo daga hutun zaɓe, sai ga Warren Harding ya shigo zaure ya zauna a kujerarsa ta sanata mai wakiltar jihar Ohio. Wata guda da 'yan kwanaki kafin nan ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da gagarumin rinjaye, amma rantsuwar kama aiki sai ranar 4 ga Maris. Ba a taɓa samun sanata mai ci da aka zaɓa shugaban ƙasa ba sai shi, don haka babu wata al'ada da zai bi. Ya miƙe ya yi gajeren jawabin ban kwana ga abokan aikinsa, bai daɗe a Washington ba ya koma garinsu Marion, inda ya shiga ganawa da mutanen da zai naɗa ministoci. Sai dai bai ajiye kujerar ba. Ya ci gaba da amsa sunan sanata har makonni biyar bayan wannan jawabi, alhali ya riga ya sallami aikin. Wannan hali na Harding, na barin aiki da wuri amma a riƙe kujera har sai lokaci ya yi daidai, shi ya zama hanyar waɗanda suka biyo bayansa. Idan aka bi tarihin a tsanake za a ga cewa ɗan majalisar da ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Amurka ba ya da sauran wani aiki na a zo a gani a cikin zaure. Shawara ɗaya ce tak ta rage masa a matsayin ɗan majalisa, wato ranar da zai yi murabus, kuma abin da ke tsayar da wannan rana shi ne wanda zai gaji kujerar da wanda ke da ikon naɗa magajin.

Doka ba ta tilasta masa komai ba. Kundin tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787 ya tanadi cewa wanda ke riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya ba zai zama ɗan majalisa ba muddin yana kan muƙamin. Waɗanda suka rubuta shi sun ga yadda sarakunan Ingila ke sayen 'yan majalisa da muƙamai, suka toshe wannan ƙofa. Amma haramcin yana hawa kan mutum ne daga lokacin da ya kama muƙamin, zaɓaɓɓen shugaba kuwa bai kama komai ba tukuna. Hasali ma ƙuri'ar da jama'a ke jefawa a Nuwamba wakilan zaɓe na jihohi take fitarwa, su kuma su kaɗa tasu a Disamba, sannan majalisun biyu su haɗu a zaure ɗaya su ƙidaya. Saboda haka a idon doka sanatan da ya ci zaɓe yana iya halartar zama, ya kawo ƙudiri, ya jefa ƙuri'a, ya karɓi albashinsa, har ya zauna cikin masu ƙidayar ƙuri'un da za su tabbatar da shi, ya kuma ci gaba a haka har tsakar ranar rantsuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi hakan.

Tsawon wannan jira shi kansa yana da tarihi. A zamanin dawaki da keken doki, wata huɗu tsakanin zaɓe da rantsuwa bai zama abin mamaki ba, domin kawo sakamako daga jihohi masu nisa da isowar zaɓaɓɓu babban birni duk suna cin lokaci. Daga baya jiran ya zama masifa. Tsakanin zaɓen Abraham Lincoln a Nuwamban 1860 da rantsar da shi a Maris na 1861 jihohi bakwai suka ɓalle daga tarayya, shugaba mai barin gado yana kallo, mai jiran gado ba shi da iko. Haka aka sake gani a hunturun 1932 zuwa 1933, bankuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, shugaba mai barin gado Herbert Hoover da mai jiran gado Franklin Roosevelt kuma sun kasa jituwa kan matakin da za a ɗauka. Sanata George Norris na jihar Nebraska ya shafe shekaru yana neman a rage wa'adin, har aka amince da gyara na 20 ga kundin tsarin mulki a Janairun 1933. Gyaran ya mayar da fara aikin sabuwar majalisa 3 ga Janairu, rantsar da shugaba kuma 20 ga wata. Harding ya jira kwana 122, John Kennedy 73, Barack Obama 77.

Mutum huɗu ne kacal suka tashi daga kujerar majalisa kai tsaye zuwa fadar White House, kuma na farkonsu ɗan Majalisar Wakilai ne, James Garfield, shi ma daga Ohio. Lamarinsa ya zo da ban mamaki, don a Nuwamban 1880 ya wayi gari da matsayi uku: ɗan Majalisar Wakilai mai ci, zaɓaɓɓen sanata da majalisar jiharsu ta zaɓa tun a Janairu don ya fara aiki a Maris na 1881, da kuma zaɓaɓɓen shugaban ƙasa. Kujerar Wakilai ya fara saki, cikin mako guda da zaɓe. Gurbi a wannan majalisa zaɓe kaɗai ke cike shi, gwamna ba ya naɗa kowa, mazaɓarsa kuma ta jam'iyyarsa ce gaba da baya, don haka jinkiri ba zai ƙara masa komai ba. Ezra Taylor ya ci zaɓen cike gurbin ya zauna a kujerar. Ta sanata kuwa tana da bashi a kanta. Garfield ya je babban taron jam'iyyar Republican a Chicago ne a matsayin jagoran yaƙin neman takarar John Sherman, ministan kuɗi na lokacin, amma da aka yi ta kaɗa ƙuri'a ba a samu gwani ba, a zagaye na 36 sai takarar ta faɗo hannun shi ɗan rakiyar. Da ya saki kujerar sanatan da bai taɓa zama a kanta ba, majalisar Ohio ta ba Sherman. Shi kuwa Garfield ya yi zamansa a gonarsa da ke Mentor yana karɓar masu neman muƙami har lokacin rantsuwa ya matso.

Dalilin jinkirin Harding yana fadar gwamnan Ohio. Tun bayan gyara na 17 a 1913 jama'a ke zaɓen sanatoci da kansu, amma idan gurbi ya samu, jiha tana iya ba gwamnanta ikon naɗa mai riƙon ƙwarya. Gwamnan Ohio a lokacin shi ne James Cox, ɗan jam'iyyar Democrat, wato mutumin da Harding ya kayar a zaɓen shugaban ƙasa. Murabus a Nuwamba ko Disamba yana nufin miƙa wa abokin hamayya wuƙa da nama. Harding ya jira har wa'adin Cox ya ƙare, Harry Davis na jam'iyyarsa ya hau kujerar gwamna, sannan murabus ɗinsa ya fara aiki ranar 13 ga Janairu, 1921. Davis ya naɗa Frank Willis, wanda dama shi ya ci zaɓen kujerar don wa'adi mai zuwa, ya shiga majalisa makonni bakwai kafin sa'o'insa. A majalisar da ake raba shugabancin kwamitoci bisa daɗewa, wannan 'yar tazara dukiya ce.

Shekara arba'in bayan haka Kennedy ya tarar da lissafin a juye. Gwamnan Massachusetts mai barin gado, Foster Furcolo, ɗan jam'iyyarsa ne, wanda zai gaje shi a farkon Janairun 1961 kuma John Volpe ne na Republican. Harding jira ya yi wa amfani, Kennedy kuwa sai da ya yi sauri. Ya yi murabus ranar 22 ga Disamba, 1960, Furcolo ya naɗa Benjamin Smith, tsohon magajin garin Gloucester wanda suka zauna ɗaki ɗaya da Kennedy a jami'ar Harvard. Kowa ya san dalili. Ƙanen shugaban, Edward Kennedy, bai kai shekara 30 da kundin tsarin mulki ya shardanta wa sanata ba, sai a Fabrairun 1962 zai cika. Smith ya riƙe amanar, bai tsaya takara ba, Edward ya ci zaɓen cike gurbi a Nuwamban 1962. Majalisa ma ba ta yi zama ko na yini ɗaya ba tsakanin zaɓe da ranar murabus ɗin, don ta tashi tun farkon Satumba. Kwana 44 da Kennedy ya ƙara yana sanata ba su da wata ma'ana ta aikin majalisa, lokacin shirya gado ne kawai.

Obama bai fuskanci wannan matsi ba, domin gwamnan Illinois, Rod Blagojevich, ɗan jam'iyyarsa ne kuma wa'adinsa da saura. Saboda haka ya fi kowane sanata saurin tafiya: an zaɓe shi 4 ga Nuwamba, 2008, ya ajiye kujera 16 ga wata, ana gobe majalisa za ta dawo zama. A nan ne darajar kujerar ta fito fili tsirara. Ranar 9 ga Disamba jami'an FBI suka kama Blagojevich bisa zargin neman sayar da ita ga wanda ya fi tsoka, bayan sun naɗi hirarrakinsa na waya. Duk da haka ya yi kunnen uwar shegu da kiran da aka yi masa na kada ya naɗa kowa, ya naɗa Roland Burris, tsohon babban lauyan jihar, a ƙarshen Disamba. Majalisar Dattawa ta mayar da Burris daga bakin ƙofa ranar 6 ga Janairu kafin ta sassauto ta rantsar da shi ranar 15. Majalisar jihar ta tsige gwamnan ranar 29 ga Janairu, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara 14 a 2011. Binciken bai sami Obama da hannu a cinikin ba. Amma abin lura shi ne a cikin waɗannan kwanaki 77, abu mafi girma da ya danganci matsayinsa na sanata ya faru ne bayan ya bar matsayin.

Me ya sa duk suke gudun zaure? Ƙuri'ar sanata ɗaya ce cikin ɗari, amma da zarar mai ita ya zama shugaba mai jiran gado, duniya ba ta ƙara karanta ta a matsayin ra'ayin wakilin jiha. Kasuwanni da ofisoshin jakadanci za su ɗauke ta manufar gwamnati mai zuwa, alhali ma'aikatu da sojoji da rahotannin sirri duk suna hannun wani. Idan ɓangarensa ya yi nasara, ya ɗauki alhakin dokar da wani zai sa wa hannu ya aiwatar. Idan ya faɗi, ya fara mulki da kaye tun bai hau ba. Obama ya faɗi a taronsa na farko da 'yan jarida bayan zaɓe cewa shugaba ɗaya ƙasar ke da shi a lokaci guda, kuma da shugabannin ƙasashen G20 suka taru a Washington a tsakiyar Nuwamba kan rikicin tattalin arziki, bai je ba, ya tura wakilansa Madeleine Albright da Jim Leach su gana da baƙin. Ita ma majalisar tana da kishinta. Lyndon Johnson, wanda ya juya Majalisar Dattawa yadda ya ga dama a matsayin shugaban masu rinjaye, ya so ya ci gaba da jagorantar taron sanatocin jam'iyyarsa bayan an zaɓe shi mataimakin shugaban ƙasa. A taron 3 ga Janairu, 1961, abokansa na jiya suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ce wannan kutse ne na ɓangaren zartarwa. Shawarar ta wuce da ƙuri'a 46 da 17, amma zafin adawar ya sa Johnson ya janye jiki. Mutumin da ya fi kowa sanin lungunan majalisar ya gane cewa tun kafin rantsuwa an daina kallonsa a matsayin ɗan gida.

Mai musu zai ce wannan kunya ce da ƙasa ba za ta iya ɗauka ba a lokacin tsanani. A Disambar 2008 kamfanonin motoci na General Motors da Chrysler suna dab da durƙushewa, Majalisar Wakilai ta amince da bashin dala biliyan 14, amma ranar 11 ga wata ƙudirin ya maƙale a Majalisar Dattawa, kujerar Illinois ɗaya kuma babu kowa a kanta. Ashe da Obama yana nan ba zai yi amfani ba? Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Ana buƙatar ƙuri'a 60, aka samu 52, don haka tasa guda ba za ta cike giɓin ba, kuma shugaba mai barin gado George Bush ne ya fitar da dala biliyan 17.4 daga asusun ceto bankuna ranar 19 ga Disamba. A gwada wannan da abin da ya faru wata guda bayan haka. Obama ya nemi Bush ya roƙi majalisa ta saki rabin asusun na biyu, dala biliyan 350, ya je da kansa ya gana da sanatocin jam'iyyarsa, ya bi su da waya, ya kuma sanar da su cewa zai hau kujerar naƙi idan suka toshe kuɗin. Ranar 15 ga Janairu yunƙurin toshewar ya faɗi da ƙuri'a 52 da 42. Ba shi da ƙuri'a a ranar, ba shi da muƙami, amma ya fi ƙarfin duk wani mai ƙuri'a a zauren, domin kowa ya san wanda zai riƙa raba muƙamai da sa hannu kan dokoki nan da kwana biyar.

Musu na biyu ya fi nauyi: mutum huɗu ba su isa a kafa ƙa'ida a kansu ba, ga kuma zaɓaɓɓun mataimakan shugaba, waɗanda suka fi yawa, suna nuna wani hali daban. John Nance Garner ya ci gaba da zama kakakin Majalisar Wakilai har Maris na 1933. Joe Biden ya sha rantsuwar wa'adinsa na bakwai a Janairun 2009 kafin ya sauka ranar 15. Kamala Harris ta dawo zaure ranar 17 ga Nuwamba, 2020, ta jefa ƙuri'ar ƙin amincewa da Judy Shelton, wadda Donald Trump ya so ya sa a hukumar gudanarwar babban bankin ƙasar, kuma da yake sanatocin Republican biyu suna killace saboda korona, zuwan nata ya yi tasiri, naɗin ya wargaje. JD Vance kuwa 'yan jam'iyyarsa ne suka yi masa ca a Nuwamban 2024 don bai halarci ƙuri'un tabbatar da alƙalan da Biden ya naɗa ba. Duk wannan gaskiya ne, amma yana nuna bambancin muƙaman biyu ne. Babu wanda ke ɗaukar ƙuri'ar mataimaki a matsayin manufar ƙasa, kuma aikin da kundin tsarin mulki ya ba shi shi ne shugabantar wannan zaure ɗin dai. Sannan ko a wajensu ranar murabus tana bin lissafin gado: Harris ta sauka 18 ga Janairu, gwamnan California na jam'iyyarta ya naɗa Alex Padilla, Vance ya sauka 10 ga Janairu, gwamnan Ohio na jam'iyyarsa ya naɗa Jon Husted. Abin da ya kamata a amsa shi ne cewa al'adar ba a gwada ta da wuta ba. Ranar da za a sami zaɓaɓɓen shugaba a majalisar da ta rabu biyu daidai, ga kuma ƙudirin da ƙuri'a ɗaya za ta yanke, da wuya jam'iyyarsa ta bar shi ya zauna a gida don kare mutunci.

Ƙorafin da ba shi da amsa mai gamsarwa shi ne na mutanen jihar. Sun zaɓi sanata na shekara shida, ya kwashe kusan biyu yana yawon neman ƙuri'a a wasu jihohi, ya tafi, sannan wani mutum ɗaya ya zaɓar musu wakili. Illinois, mai mutane kusan miliyan 13, ta yi kwana 60 da sanata ɗaya, Dick Durbin, a tsakiyar rikicin tattalin arziki mafi muni tun na shekarun 1930. Amma tsawaita zaman zaɓaɓɓen shugaba ba zai magance wannan ba, tunda wakilcin da zai yi na suna ne. Cutar tana cikin dokar cike gurbi. Najeriya, da ta ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta ɗauki haramcin haɗa muƙamai biyu, sashe na 68 na kundin 1999 yana sauke ɗan majalisa ne idan ya zama shugaba ko mataimaki ko gwamna ko minista, shi ya sa Kashim Shettima bai rasa kujerar Borno ta Tsakiya ba don kawai an zaɓe shi mataimakin shugaba a Fabrairun 2023. Sai dai ba ta ɗauko ikon gwamna na naɗa sanata ba, hukumar zaɓe ce ke shirya zaɓen cike gurbi. A wannan gaɓa ɗalibi ya fi malaminsa tsari.

Jihar Massachusetts ta nuna iyakar abin da 'yan siyasa za su yi a kan wannan iko. A 2004, da sanatan jihar, John Kerry na Democrat, ya tsaya takarar shugaban ƙasa, gwamnan jihar Mitt Romney ne na Republican. 'Yan Democrat da ke da rinjaye a majalisar jihar suka yi maza suka ƙwace ikon naɗi daga hannun gwamna, suka mayar da shi zaɓe na musamman, suka kuma tsallake ƙin amincewar Romney, duk don kujerar da ba ta ma zama gurbi ba, tunda Kerry ya sha kaye. Shekara biyar bayan haka Edward Kennedy ya rasu a Agustan 2009 yana kan kujerar da yayansa ya tanadar masa tun 1960. A lokacin gwamna nasu ne, Deval Patrick, Obama kuma yana buƙatar ƙuri'a ta 60 don dokar inshorar lafiya, sai majalisar ta sake juya dokar aka naɗa Paul Kirk riƙon ƙwarya. Amma zaɓe na musamman da suka ƙirƙira don Romney yana nan daram, kuma ranar 19 ga Janairu, 2010, Scott Brown na Republican ya lashe shi, rinjayen 60 ya karye. A Nuwamban wannan shekarar kuma tsohuwar kujerar Obama ta Illinois ta faɗa hannun Mark Kirk, shi ma ɗan Republican.